Farin Yadin Mma Humu

Da yawa daga cikinku kun yi ta turo min saƙo: Rakiatu, ina labarin gidan bakin tafki, ina Kamaldeen, yaushe za mu ci shinkafar biki. Na yi shiru wata biyu. Wayata lafiyarta ƙalau. Mma ce ta rasu, kuma yadda aka rufe ta ne ya ɗaure min baki. Yau zan faɗa muku yadda aka yi, har da nawa laifin, don ban iya yi wa zance kwalliya ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, Mma Humu yayar babana ce. Ita ta ɗauke ni ina shekara huɗu, lokacin da uwata ta rasu, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗakinmu ɗaya a wani babban gida a unguwar Akwatia Line, ƙofarmu na kallon famfo. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi tun kafin a haife ni. Da kuɗin kokon nan ta je Makka sau ɗaya, ita da aminiyarta Hajiya Mamunatu, wadda ke yi wa matan unguwarmu wankan gawa.

A ƙarƙashin gadonmu akwai babban akwatin ƙarfe, kore, irin wanda 'yan makarantar kwana ke tafiya da shi. Tun ina ƙarama Mma ke tara min kayan ɗaki a ciki: zannuwan gado, faranti masu bakin zinariya, kofunan shayi, darduma mai laushi, kaskon turare. A can ƙasa, cikin leda, akwai farin yadi. Likkafaninta ne. A Makka ta saya, ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya. Ta ce ranar yadin kowa fari ne a kan igiya, don haka ta yi ɗinki uku da jan zare a kusurwar nata, Hajiya Mamunatu ta yi wa nata da baƙin zare. Duk shekara bayan Layya nakan jawo akwatin mu sha wa kayan iska, saboda gwiwoyinta ba sa barinta ta durƙusa. Takan dafa murfin ta ce, “Na sama na shigarki ne, na ƙasa na fitata.” Ni kuma in ce ta daina, ta yi dariya.

Kamaldeen ɗan unguwar Tafo ne. A wurin koko na san shi. Yana aiki a shagon waya a kasuwar Kejetia, kullum sai ya sauka daga trotro, motar haya, ya sha namu, ko da yake akwai masu koko goma tsakanin Tafo da nan. Dogo ne, rigarsa a goge ko da litinin ce, agogonsa ya fi ƙarfin hannunsa. Madam Manaja yake ce min tun ba mu da abin da za mu kula da shi.

Shi ya zo da dabarar. Ya ce in duba borga, wato mutanenmu da ke Jamus da London da Amurka. Suna turo kuɗi a gina musu manyan gidaje, su kulle, su zo sati biyu a shekara. Sauran watanni ƙadangare ne mai gida. Ya ce shi zai karɓi irin gidajen nan, ya gyara, ya sa hotunansu a intanet, masu zuwa hutu su kama na kwana uku ko na sati, a raba riba da mai gida. Ba otal ba, ya ce, gida sukutum, da mai dafa abinci da wurin ninkaya da komai. Ni na ba kamfanin suna. Duk wanda ya sayi koko zai kama hanya, Mma takan ce masa sauka lafiya. Na ce a sa Sauka Lafiya. Ya riƙe kansa ya ce shekara uku yana karatun kasuwanci bai samu abin da na samu a bakin tukunya ba. Ranar ban taka ƙasa ba.

Mma ba ta ƙi shi ba, amma ba ta sake da shi ba. In ya nuna mata hotuna a waya takan kalla ta ce masha Allah, in ya tafi ta ce min mai son mace goro yake kawowa, ba hoto ba. Baba Issifu, ƙanenta, ɗan'uwan babana, wanda shi ne waliyyina, duk Juma'a sai ya tambaya ko yaron nan yana da manya. Kamaldeen ya ce a ba shi zuwa bayan Bronya, wato Kirsimeti, lokacin da baƙi ke cika ƙasar. In gidan farko ya tsaya da ƙafarsa, manyansa za su zo. Na kai wa Mma wannan maganar. Ta ce, “Yoo. Muna nan.”

Gidan farko na wani borga ne da ke Hamburg, a kan tudu yana kallon tafkin Bosomtwe. Bene ne, ɗakuna huɗu. Ranar da muka buɗe shi warin kashin jemage ya kore mu waje. Sati uku ina zuwa. In gama taya Mma da hantsi, in hau mota zuwa Kuntanase, in sake hawa wata in gangara. Na goge tayil da gwiwa har fatata ta yi kanta. Na kashe gara a kicin, na kwashe kwaɗi daga wurin ninkaya da bokiti. Ni na samo mai gadi, wani dattijo ɗan Bawku da ke sallah a masallacinmu. Kamaldeen yana kan kwamfuta da waya, yana faɗa da masu fenti. Ba zan yi masa ƙarya ba, shi ma ya wahala. Akwai ranar da muka raba burodi ɗaya da ruwan leda a kan matakala, ya ce wata rana za mu ba 'ya'yanmu labarin nan.

A watan tara ya kira ni murya a sanyaye. Mai hoto zai zo asabar, an riga an ba shi rana, kuma abin da ke hannunsa fenti da na'urar sanyi sun cinye. Gidan ba zanin gado, ba faranti, ba komai sai katako. Ya ce in ba hoto, ba baƙi, in ba baƙi, ba Bronya. Bai ƙarasa ba, amma na ji sauran.

A satin nan Mma ta tafi garin Ejura wurin suna. Da za ta fita ta kwance makullin akwatin daga bakin zaninta ta ba ni, ta ce ni ce mai gida sai ta dawo. Ba Kamaldeen ne ya roƙa ba, wannan ku sani. Ni na ce masa ina da kaya. Na ce a raina, ai kayan nan gidansa za su, ko yau ko gobe.

Ya zo da taksi. Na so in zauna in ware na sama da na ƙasa, amma direba yana ta danna hon, matan gida sun fara leƙe. Muka ɗauki akwatin yadda yake. A can na shimfiɗa gadaje, na jera faranti, na kunna turare. La'asar ta yi, dole in koma in jiƙa gero. Kafin in fita na buɗe akwatin na nuna masa ledar.

“Wannan kada ka taɓa. Likkafanin Mma ne.”

Ya ja da baya kamar na nuna masa maciji. “Subhanallahi. Rufe, rufe. Ni ko kallonsa ba na so.”

Bayan kwana uku ya dawo min da akwatin da makulli, ya ce kayan ɗakin su ɗan zauna har ya sayi nasa. Ya ce ledar na nan a ƙasa. Na ɗaga murfin na hango leda da fari a ciki, na rufe, na tura ƙarƙashin gado. Ban buɗe ledar ba. Wa ke son buɗe irin wannan?

Sai hotuna suka fito. Ina tuna saƙonsa.

“Madam Manaja, ki duba. Mun fito.”

Ɗakin sama ne ya fi kowanne. Gado mai sanduna huɗu, farin yadi ya sauko daga sama ta kowane gefe, iska ta ɗan ɗaga shi, ga tafki ta taga. Ko ni da na goge ɗakin ban gane shi ba. Na rubuta masa, ina ka samo labulen nan? Ya ce Kejetia, wurin wani abokinsa. Ya sa fuska mai dariya. Na nuna wa Mma da ta dawo, ta ce ɗakin kamar na Aljanna.

Hoton nan ne ya ɗaga kamfanin. Ango da amarya daga Accra, wasu daga London, kowa farin ɗaki yake so. Kamaldeen ya koya min cewa duk baƙon da ya tafi yana ba da taurari, biyar ne ƙarshe, kuma in suka ragu gida ya mutu. Na riƙa yi musu waakye, wato shinkafa da wake, da miyar alefu, alayyafo ke nan, ina turara tawul. Taurari biyar, biyar, biyar. Borga biyu suka kira shi suna so ya karɓi nasu gidajen.

Wata safiya a watan goma ina shirya ɗakin, wasu baƙi za su iso ƙarfe biyu. Na hau kujera in share ƙura a kan sandar gado. Na kama gefen labulen in matsar. A cikin kalmasa, inda tela ya naɗe, na ga jan zare. Ɗinki uku.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kan kujerar nan ba. An yanka shi gida huɗu. An kalmashe bakinsa, an yi masa 'yan kunnuwa na ratayewa. Na kai shi hancina, ƙamshin miskin Mma yana nan a ƙarƙashin turaren da ni kaina nake fesawa duk sati.

Na same shi a baranda yana danna kwamfuta. Da farko ya ce tela ne ya yi kuskure. Na tambaye shi tela ne ya buɗe akwatin. Sai ya rufe kwamfutar ya ce mai hoto ya ce ɗakin ba rai, rana na faɗuwa, babu shago a kusa, ya rasa yadda zai yi. Abin da ke cikin ledar a gida tsohon zanin gado ne.

“Raki, yadi ne. Zan saya mata wanda ya fi shi.”

“A Kejetia akwai Makka?”

“Zamzam galan-galan alhazai ke kawowa. Mu jiƙa sabo, wa zai sani? Kuma Mma garau take, jiya na ga ta ɗaga tukunya ita kaɗai.”

Na ce a sauke shi yanzu. Ya ce baƙi suna hanya, kuma abin da suka gani a hoto shi suka biya, in suka tarar da gado tsirara taurari sun tafi. Ya riƙe hannuna ya ce sati ɗaya, ya samo irinsa ya musanya. Ya rantse da kabarin babansa.

Ga laifina, ku ji shi da kyau. Na koma sama ni kaɗai. Na riga na kwance gefe ɗaya, yana hannuna. Da na kwance sauran na zuba a jaka, ba wanda zai tare ni. Likkafani dama yagawa ake yi, in an warware kalmasar zai yi. Amma na tuna goron da ake jira bayan Bronya, na tuna yadda zai kalle ni in baƙi suka yi ƙorafi. Na mayar da shi na rataye. Har na gyara masa zama ya yi daidai da hoto.

Sati ɗaya ya zama biyu. Ya ce wanda ya samu yana ƙyalli, ba ya zubowa kamar wancan. Ya ce wani ɗan kasuwa zai kawo daga Lome. A watan sha ɗaya ya ce na rame, in huta, ya ɗauki wata mata daga ƙauyen tana shara, ni in kula da Mma. Na ɗauka tausayi ne. Har na gaya wa Mma, ta ce ashe yaron yana da hankali.

Duk dare a kan akwatin nan muke kwana, ni da ita. Sau uku na buɗe baki zan faɗa mata, sau uku na tambaye ta wani abu daban.

Kwana biyu kafin Bronya, da safe, tana zuba wa wani direba koko, ludayin ya faɗi daga hannunta. Ta bi shi. Muka kai ta asibiti, suka ce jini ne ya hau. Gefe ɗaya ya mutu, bakinta ya karkace, magana ba ta fita. Na rubuta wa Kamaldeen, Mma ta faɗi, ka kawo kayan nan yau. Ya amsa, “Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya. Gida cike yake, ina zuwa da shi da kaina.” Ya zo asibiti washegari da lemo da madara, ba yadi. Ya ce wasu Amurkawa ne a ɗakin, sabon aure, sun kama kwana goma. Ya ce kada in yi wa Mma mugun fata.

A rana ta uku ta kama hannuna da hannunta mai rai. Ta saki, ta nuna ƙasa, ƙarƙashin gadon asibitin. Ta sake nunawa. Na gane.

“Yana nan, Mma.”

Ta lumshe ido. Maganar ƙarshe da na yi mata ke nan wadda na tabbata ta ji.

Ta cika washegari, rana ta ɗan fito. Kafin ƙarfe tara an kawo ta gida, Baba Issifu ya ce bayan azahar za a kai ta maƙabartar Tafo. Hajiya Mamunatu ta ɗaure zani ta ce in ɗauko kayan 'yar'uwarta. Na ce mata rufinmu ya yi yoyo da damina, na kai ajiya gidan wata ƙawata, yanzu zan karɓo. Ta ce in yi sauri.

Na fita bayan gida na kira shi. Ya yi salati, na ji kamar yana kuka. Na ce ya hau ya sauke, ko ya sa matar nan ta sauke, ina hanya. Sai ya ce ba a shiga ɗakin baƙo yana ciki, doka ce. Ya ce akwai wani mai kuɗi da ke son zuba jari, yana kallon taurarin watan nan.

“Raki, kwana biyu kawai ya rage su fita.”

“To in gaya wa gawa ta jira?”

Ya ce zai kira ni. Bai kira ba.

Na ɗauki taksi ni kaɗai, ban tsaya ciniki ba. Garin a cushe, kowa da kayan biki, ana kiɗa a kowace kwana. Sha ɗaya ta wuce na isa. Ƙofar get irin mai lamba ce, kamar ta ciki, na danna lambar da na sani, fitilarta ta yi ja. Na sake, ta yi ja. Mai gadi ya fito, da ya ga fuskata ya cire hula. Na gaya masa Mma ta rasu, na gaya masa abin da ke rataye a sama. Ya dafa bango. Ya ce tun watan jiya oga ya canza lamba, ya kuma ce masa ko na zo kada in wuce get. Tun watan jiya. Hutun da aka ba ni ke nan.

Dattijon ya buɗe min get duk da haka, ya ce aikin ya tafi in zai tafi. Amma shi ma ba shi da lambar ƙofar ciki. Muka tsaya a tsakar gida muna kallon sama. Tagar a buɗe, ina ganin yadin yana motsi. Wata mata ta fito baranda, baƙa ce kamata, da gajeren wando da kofi a hannu. Ta yi min murmushi. Na yi mata Twi, yaren garin, ba ta ji. Na haɗa ɗan Turancina, na ce uwata, na ce yadi, na nuna tagar. Ban san sunan likkafani da Turanci ba. Har yau ban sani ba. Ta ɗauka talla nake, ta ce ta gode, ba ta buƙata, ta ɗaga min hannu ta shige. Na buga ƙofa har hannuna ya yi zafi. Sun kunna kiɗa.

Na kira Kamaldeen sau goma sha. Daga baya wayar ta daina shiga. Baba Issifu kuma yana ta kira, an gama wanka, an haƙa kabari, liman ya ce a kai la'asar amma kada ta wuce. Na duba rana. Na juya.

A Kejetia na sauka. Na kutsa layin 'yan yadi na faɗi tsawon da nake so. Mai shagon bai tambaye ni komai ba, ya yanka ya ce Allah ya jiƙan rai. A cikin mota na yi ta murza shi don ya bar kama da sabo. Da na isa gida na shiga ɗaki ta baya, na shafa masa miskin Mma, na sa a tsohuwar ledar.

Hajiya Mamunatu na zaune kusa da Mma, an lulluɓe ta da zani. Ta karɓa da bismillah. Ta warware. Ta kama kusurwa ta farko ta duba, ta saki. Ta biyu. Ta uku. A ta huɗu ta daɗe, tana shafawa da babban yatsa. Sauran matan suna jira da almakashi. Ta ɗago ta kalle ni, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

“Wannan bai ga Makka ba.”

Ta miƙa hannu aka ba ta almakashi.

Haka aka naɗe Mma, matar da ta yi shekara talatin tana tashi kafin kiran sallah don ta sayi yadi ɗaya. Maza suka ɗauke ta zuwa Tafo. Motar ta bi ta bakin layin su Kamaldeen. An ce ya zo jana'iza, a sahun gaba ya tsaya.

Na san abin da malamai za su ce, an riga an faɗa min: yadi ba ya kai mutum Aljanna, aikinsa ne. Na yarda. Amma abu ɗaya ta roƙa a duniya, kuma ni ta ba makulli.

Kwana shida Hajiya Mamunatu ba ta ce min komai ba. Takan zo da safe, ta zauna, ta karɓi gaisuwa, ta tafi. Saƙonnin Kamaldeen suna shigowa. “Ki yi haƙuri.” “Wayata ce ta mutu ranar.” “Na san kina fushi, amma don mu nake yi.” Ban amsa ko ɗaya ba.

Ranar addu'ar bakwai an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, an dafa shinkafa. Bayan an shafa fatiha aka ce Baba Issifu na kirana a falonsa. Na shiga da baƙin mayafin Mma. Kamaldeen na zaune a kan tabarma cikin farar shadda sabuwa, kansa a ƙasa, da kawunansa biyu. Hajiya Mamunatu na bakin ƙofa a kan kujera, a matsayin uwa.

Babban kawun ya yi ta'aziyya mai tsawo. Sannan ya ce sun san ba lokacinsa ba ne, amma yaro ya matsa, yana so a san da su. In an yi arba'in za su kawo goro. Ya ce kasuwancin yaron ya buɗe, gidaje uku yanzu. Baba Issifu ya share ido ya ce abin da Humu ta so ta gani ke nan, Allah bai nufa ba. Ya ce shi ba shi da ta cewa, sai abin da na ce.

Sai Kamaldeen ya turo wata jaka gabana, irin ta masu wanki da guga, da sunan shagon a jiki. A hankali ya ce, “Ga amanarki.”

Na buɗe. An wanke shi, an sa masa bula, an goge, an ninke kamar rigar ango. Ƙamshin sabulun kanti kawai yake yi. Ko zamzam ɗin an wanke.

Baba Issifu ya yi murmushi ya tambaya ko har an fara kawo lefe ne.

Na tashi. Na fitar da su ɗaya bayan ɗaya na shimfiɗa a tsakiyar tabarma, a kan ƙafafun kawunansa, guda huɗu. Na juya kusurwar mai jan zare ta kalli sama. Na ji Hajiya Mamunatu ta ja numfashi a bayana.

“Baba, ka tambaye shi me ya sa likkafanin yayarka yake da kunnuwan labule.”

A waje ana ta kankarar tukwane. Baba Issifu ya sunkuya ya taɓa zaren da yatsa, ya daɗe, sannan ya ɗago ya kalli Kamaldeen. Na yi zaton zai yi kuka, ko ya ba da haƙuri, ko ya sake ɗora wa tela. Sai ya gyara agogonsa, ya ɗago kai, karo na farko tun shigowata. Ba ni ya kalla ba.

“Baba, ni ban taɓa shiga ɗakin Mma ba. Ku tambaye ta wa ya ɗauko akwatin.”

Duk suka juyo. Makullin yana ɗaure a bakin mayafina, kamar yadda Mma ke ɗaure shi a bakin zaninta, kuma kowa a falon nan ya gan shi.